Wai meye haɗin ciwon gwiwa da gyambon ciki? Likita ya hana Baba shan diklofenak

Maman_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min, abun ya tsaya min a rai tun jiya. Babanmu shekararsa 68, yana Anguwar Rogo, gwiwoyinsa duka biyu sun daɗe suna damunsa musamman in hunturu ya shigo, kun dai san sanyin Jos, da asuba sai an kama shi kafin ya miƙe ya tafi masallaci. To ya fi shekara biyu yana shan diklofenak, ɗaya da safe ɗaya da dare, wani lokacin ma ko karyawa bai yi ba. Makon jiya ƙanina ya lura Baba ya yi fari fat, ɗan tafiya kaɗan sai haki, da aka matsa masa da tambaya shi ne ya ce ai bayan gidansa ya kwana biyu yana fita baƙi ƙirin kamar kwalta, kunya ta hana shi faɗa. Muka kai shi asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai har sai da aka ƙara masa leda biyu, wai gyambo ne a ciki yake tsiyayar da jini. Likitan ya ce maganin gwiwar ne ya jawo, ya ambaci wani enzayim da maganin ke toshewa, amma layi ya yi yawa ban samu na tambaye shi da kyau ba. Ni dai abun da ban gane ba, ina ruwan gwiwa da ciki? Yanzu Baba sai faɗa yake wai mun raba shi da abun da ke ba shi sauƙi.

Dan_Rikkos
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne.

Ummi_Gangare
Sannu Anti. Ni a ganina rashin cin abinci ne kawai, ai ke ma kin ce yana sha bai karya ba. In ya ci tuwo ya ƙoshi ya sha ba abun da zai same shi.

Famasis_Sadiq
Maman_Ilham sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in gwada yi miki bayani yadda zan yi wa yayata a gida.

Enzayim wani ɗan sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa don ya hanzarta wani aiki. Misali mafi kusa, ki tauna burodi ki bar shi ya ɗan jima a baki, za ki ji ya fara zaƙi, wannan enzayim ɗin cikin miyau ne yake mayar da sitaci suga. Suna da yawa a jiki, kowanne da aikinsa. Wanda likita yake nufi ana ce masa COX. Ki ɗauke shi kamar injin markaɗe, ana zuba masa wani irin kitse da ke jikin bangon ƙwayoyin halittarmu, shi kuma ya fitar da wani abu mai suna furostagilandin. To a gwiwar Baba, inda gurunguntsi ya cinye, wannan furostagilandin ɗin shi ke buɗe hanyoyin jini wurin ya ɗau zafi ya kumbura, shi ne kuma ke sa jijiyoyin jin zafi su zama ko ɗan motsi sai sun amsa. Diklofenak yana zuwa ya kashe injin, babu markaɗe, zafi ya lafa. Har nan lafiya lau.

Matsalar ita ce irin injin nan akwai shi a ciki ma, kuma can aikin alheri yake yi. Cikin mutum akwai ruwan asid mai ƙarfi da ke narka nama, to me ya hana shi narka cikin da kansa? Furostagilandin ne ke sa bangon cikin ya riƙa fitar da wani yauƙi kamar na kuɓewa ya lulluɓe shi, ya kuma fitar da wani sinadari da ke kashe tsami kamar yadda kanwa ke yi, sannan ya sa jini ya riƙa isa wurin sosai don duk inda ya ɗan ƙuje ya warke da wuri. Ƙwayar magani kuwa ba ta san adireshi ba, in ta shiga jini ko'ina take zuwa. Ta kashe injin gwiwa, ta kashe na ciki. Shekara biyu ciki yana zaune ba yauƙi ba kanwa, asid na ta ci a hankali, kin ga abun da ya faru.

Maman_Ilham
Allahu Akbar. Wallahi Famasis yanzu na gane, Allah ya saka. Zan karanta wa Baba wannan da kaina.

Famasis_Sadiq
Amin. Ummi_Gangare kuma ki yi haƙuri ƙanwata, maganarki rabi ce. Cin abinci yana rage wannan ƙunar da mutum ke ji a ƙirji bayan ya sha, amma bai hana gyambon ba, don ɓarnar ta cikin jini take biyowa.

Abba_Terminus
To in haka ne a riƙa yi masa allurar mana, tunda ba ta bi ta ciki ba. Ni mamana allura ake mata.

Nas_Rifkatu
Abba a'a don Allah. Allurar ma jinin take shiga, ta je ta toshe COX ɗin cikin daidai da ƙwaya. Na ga mutane da yawa da suka ce ai su ba sa haɗiya, allura kawai suke yi, kuma aka kawo su suna aman jini. Abun da ya fi sauƙin haɗari shi ne na shafawa, man diklofenak da ake murzawa a gwiwa, don kaɗan ne daga cikinsa yake kaiwa ga jini, kuma ga gwiwa yana aiki ba laifi. Shi ma tunda Baba ya riga ya zubar da jini, a tambayi likitansa kafin a fara.

Kuma ba ciki kaɗai ba fa, ni abun da ya fi ɗaga min hankali ƙoda ce. Ƙoda tana dogara da furostagilandin don hanyar jinin da ke shiga cikinta ta zauna a buɗe, musamman in ruwan jiki ya yi ƙasa, mutum ya yi gudawa ko amai ko ya wuni a rana yana gumi. A wannan halin in ka sha ibufurofen ko diklofenak kamar ka matse tiyo ne ruwa na gudu. Tsoho mai hawan jini da ke shan lisinofiril da maganin sa fitsari, ya ƙara da wannan, ukun nan a haɗe suna iya durƙusar da ƙoda. Maman_Ilham Baba yana da hawan jini?

Maman_Ilham
Yana da shi Anti Rifkatu, shekara shida kenan yana shan magani. An ɗebi jini an duba ƙodar an ce da sauƙi amma za a sake dubawa bayan wata ɗaya.

Keke_Bukuru
Kai jama'a wannan magana ta taɓa ni. Ni keke nake ja, daga Bukuru zuwa cikin gari tun safe har dare, in na dawo bayana da kafaɗuna kamar an dake ni. Sai in biya kemis in ce a ba ni haɗin gajiya, a zuba min ƙwayoyi biyar shida a ƴar farar leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ko suna babu. In sha in kwanta, da safe garau. Haka na yi ta yi har wata rana ina cikin aiki na ji kamar an zuba min garwashi a ƙahon zuciya, na faka na tsugunna a bakin titi ina ta zufa cikin sanyin nan. Da na je asibiti na nuna ledar, ashe a ciki akwai ibufurofen, akwai diklofenak, akwai firoksikam, ga deksa, wato deksametazon, wani maganin kumburi na daban. Likitar ta riƙe baki ta ce uku na farkon duk aiki ɗaya suke yi. Wata biyu na yi ina shan maganin olsa. Abokan aikina har yau suna sha, in na yi magana su ce ai ni cikina ne ba ƙwari.

Mai_Kemis_Dilimi
To a yi mana adalci dai. Ba duk mai kemis ne ke haɗi ba. Kuma wallahi mutane ne ke matsawa, mutum zai zo da ɗari biyu ya ce shi yanzu-yanzu yake son ya ji daidai, ka ba shi farasitamol ka ce ya huta ya ce ba ka iya aiki ba, ya tafi shagon gaba. Masu dako a Farin Gada da suka wuni suna sauke buhunan dankali, ka ce musu su huta, su ci me? Ban ce daidai ba ne amma abun ba daga gefe ɗaya yake ba.

Famasis_Sadiq
Na ji uzurinka Malam, kuma gaskiya ne talaka ba ya da ranar hutu. Amma haɗa iri biyu ko uku ba ya ƙara sauƙi, injin ɗaya ne, in ƙwaya ɗaya ta riga ta kashe shi ta biyun ba abun da za ta ƙara sai illa. Ga kuma deksa a kai, shi yana tare hanyar tun daga sama ne kafin kitsen ma ya iso wurin COX, kuma haɗa shi da waɗannan yana ƙara haɗarin zubar jini. Ko iri ɗaya kawai za ka bayar ka faɗa wa mutum sunansa, ka rage ɓarna da yawa.

Hajiya_Tudun_Wada
Ni fa duk wannan sinadaran naku. Iyayenmu da kakanninmu sun yi sanyin ƙashi ba su san diklofenak ba. A dafa citta da kanumfari da kurkur a sha da ɗumi, a gasa gwiwar da tsumma da ruwan zafi, a murza man kaɗe, a sa dogon wando mai kauri. Maman_Ilham ki gwada wa Baba, ni shi nake yi.

Nas_Rifkatu
Hajiya gashi da ruwan ɗumi da rufe gwiwa ina bayanki ɗari bisa ɗari. Shayin citta ma ba laifi. Abun da nake tsoro shi ne na kwalba da ake yawo da shi a mota da lasifika, ba ka san me aka narka a ciki ba. Kuma mai sabon gyambo a bi a hankali da kayan yaji tukuna.

Malamin_Kimiyya
Ƙarin bayani kan maganar Hajiya, an gwada sinadarin kurkur a ɗakin bincike an ga yana taɓa hanyoyin kumburi, sai dai in an ci shi kaɗan ne ƙwarai hanji ke iya tsotsa. Don haka a sha a matsayin abinci, kar a ɗauka zai maye gurbin asibiti.

Sannan tarihin abun yana da daɗi. Asfirin tun 1899 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da shi, duniya ta yi ta sha sama da shekara saba'in ba wanda ya san takamaimai yadda yake aiki. Sai a 1971 wani Bature ɗan Ingila, John Vane, ya nuna cewa hana jiki yin furostagilandin yake yi. Ya samu kyautar Nobel a 1982 tare da wasu ƴan Suwidin biyu, Bergström da Samuelsson.

Dan_Rikkos
To ni tambayata, tunda an san haka, me ya hana a yi maganin da zai kashe injin gwiwa ya bar na ciki?

Malamin_Kimiyya
Ai an yi. Wajen 1991 aka gano COX ɗin iri biyu ne. COX-1 kullum yana nan yana aikin gida, ciki da ƙoda da daskarewar jini. COX-2 kuma ya fi tashi in an ji rauni ko ana kumburi. Sai aka ce shi kenan, a yi mai kashe na biyun kaɗai. Aka fito da selekoksib, aka fito da Vioxx a 1999, kuma gaskiya sun fi sauƙi a ciki. Amma a Satumba 2004 aka janye Vioxx daga kasuwa saboda an ga yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ashe COX-2 ma yana da nasa aikin kirkin a hanyoyin jini, yana yin wani sinadari da ke hana jini dunƙulewa, in ka kashe shi ka bar COX-1 yana ta yin mai sa dunƙulewa, ma'auni ya karkace. Selekoksib yana nan har yanzu ana rubuta shi, amma mai ciwon zuciya ko hawan jini kamar Baba sai likita ya auna.

Abu_Sumayya
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ni ban yarda magani ne kaɗai ba. Olsa ai yunwa ce da yaji ke kawo ta, kowa ya san haka. Ni ina da ita tun ina makarantar kwana kuma ban taɓa shan diklofenak ba.

Famasis_Sadiq
Abu_Sumayya ba wanda ya ce magani ne kaɗai. Manyan dalilan gyambon ciki biyu ne, waɗannan magungunan da kuma wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori, wadda yawanci tun yarinta ake ɗaukarta. Ita ma da enzayim take rayuwa, tana da wani mai suna yuriyes da ke samar mata ammoniya ta kashe asid ɗin da ke kewaye da ita ta zauna daram. Likitoci biyu ƴan Ostireliya, Marshall da Warren, su suka gano ta, Marshall har shan ƙwayar cutar ya yi don a yarda da shi, an ba su Nobel a 2005. Yunwa da yaji suna tayar da ciwon, amma ba su ke haƙa ramin ba. Ka je a yi maka gwajin bayan gida, in tana nan akwai magani na kamar mako biyu. Kuma wanda yake da ita ya zo yana shan diklofenak, haɗarinsa ya fi na kowa.

Abu_Sumayya
Hmm. Ni dai in na bar yaji ina samun sauƙi. Amma zan yi gwajin in ga.

Likitan_Dabbobi_Vom
Bari in sa baki daga ɓangarenmu. A Indiya da Pakistan an yi ta yi wa shanu allurar diklofenak, in saniya ta mutu ungulaye su ci mushen, sai ƙodarsu ta lalace su mutu. Daga shekarun 1990 wasu nau'in ungulun ƙasar sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, sai 2004 aka tabbatar maganin ne, Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006 aka koma meloksikam. Duk lokacin da Nas_Rifkatu ta yi maganar ƙoda sai in tuna wannan.

Ummu_Haidar
Innalillahi, yanzu kun tsorata ni. Mamata ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, an ɗora ta kan asfirin ƙarami 75 kullum. Shi ma ai COX ɗin yake toshewa ko? In ce ta daina?

Nas_Rifkatu
Kar ki kuskura ƴar uwa!! Kar ta daina sai likitanta ya ce. Wannan da gangan aka ba ta. Asfirin yana kashe COX-1 na ƙwayoyin da ke daskarar da jini, kuma in ya kashe ba ya farfaɗowa har ƙwayar ta gama rayuwarta, kwana 7 zuwa 10, shi ya sa ɗan kaɗan ya isa ya hana jini dunƙulewa ya sake toshe mata jijiya a ƙwaƙwalwa. Abun da za ki kula da shi, kar ta ƙara ibufurofen ko diklofenak a kai in jikinta na ciwo, kuma garin Alabukun ma asfirin ne a ciki da sinadarin kafeyin irin na kofi, ki duba takardar. In kin ga baƙin bayan gida ko aman da ya yi kama da garin kofi, asibiti a take.

Ummu_Haidar
Na gode Anti, har na ji sanyi a raina.

Ummi_Gangare
To mu masu ciwon mara fa? Ni duk wata sai ibufurofen, in ban sha ba ko tashi ba na iyawa.

Famasis_Sadiq
Ciwon mara ma furostagilandin ne ke murɗa mahaifa, shi ya sa ibufurofen ke miki aiki sosai. Kwana biyu ko uku a wata ga mai lafiyar ciki da ƙoda ba irin na Baba ba ne, shi kullum ne shekara biyu ga shekaru. Kar dai ki wuce miligiram 1200 a rana in ba likita ya ce ba, kuma in kin samu ciki ki ajiye shi, musamman daga mako 20 zuwa sama. Masu asma ma wasu yana tayar musu. Yara ƴan ƙasa da 16 kuma ba a ba su asfirin.

Malamin_Kimiyya
Wani abu da nake so in ƙara, mun yi ta magana kamar kumburi abokin gaba ne. Ka taka ƙaya, wurin ya yi ja ya ɗau zafi ya kumbura, wannan jini ne ya kawo sojojin jiki su kashe ƙwayoyin cuta su fara gyara, zafin kuma yana hana ka taka wurin. Wanda ke cutarwa shi ne wanda ya ƙi ƙarewa. Keke_Bukuru ciwon bayanka ma saƙo ne, kujerar ko zaman ne ke buƙatar gyara.

Keke_Bukuru
Gaskiya ne Malam, tun da na sa katifa a kujerar nake kuma sauka in miƙe in an tsaya lodi na ga bambanci. Amma ranar da aka sha hanya mai ramuka sai dai farasitamol.

Maman_Ilham
Jama'a na gode ƙwarai, yanzu na dawo daga Anguwar Rogo. Na karanta wa Baba bayanin injin markaɗen nan, ya yi shiru yana murza gwiwarsa, can ya ce to shi yanzu da wanne zai ji. Abun da asibiti suka ba shi omefirazol ne na rage asid ɗin ciki da maganin ƙarin jini da farasitamol, sun ce kar ya wuce guda takwas a rana, kuma sun rubuta gwajin ƙwayar cutar da Famasis ya faɗa da ganin masu gashin ƙashi. Na ɗaga katifarsa na tarar da sauran diklofenak kati biyu a ɓoye, na kwashe. Wallahi tausayi ya ba ni, don ya ce farasitamol ɗin kamar ruwa yake sha.

Famasis_Sadiq
Ba ƙarya ya yi ba, farasitamol yana rage zafi amma ba ya taɓa kumburi sosai. Ranar da za ku koma ki faɗa wa likita haka ƙarara, ki tambaya game da na shafawa da kuma allurar da ake yi cikin gwiwar kanta. Kar ku bar shi da ciwo, in ba haka ba zai aiki jika ya sayo masa.

Hajiya_Tudun_Wada
Kuma ku sama masa kujera a masallaci, sunkuyon nan da durƙuso a kan siminti mai sanyi shi ke ƙara ƙarasa gwiwar.

Maman_Ilham
Hajiya mun kai kujera tun bara ya ƙi, wai shi bai kai nan ba. Sai dai in sa limaminsu ya yi masa magana, shi yana jin maganarsa. Anti Rifkatu don Allah shi omefirazol ɗin kafin abinci ake sha ko bayan abinci? A jikin ledar sau ɗaya a rana kawai aka rubuta.

Nas_Rifkatu
Da safe, kamar rabin awa kafin ya karya. Ki gaishe min da Baba.